Satin da Na Koya wa Baffa Kallo

Ɗalibina na farko a duniya ƙanen mahaifina ne, kuma ya girme ni nesa ba kusa ba. Lokacin na gama sakandare ke nan, ina zaune a gidanmu na Agege ina jiran sakamako, kaina cike da Turanci, na rasa wanda zan juye wa.

Baffa ɗan dako ne a kasuwar Mile 12. Tun da ya zo daga Arewa kwandon tumatir yake ɗauka a ka, daga bakin tirela zuwa rumfa, har bayansa ya fara gardama. Likita ya gaya masa ƙiri-ƙiri cewa in bai daina ba, wata rana tashi ma zai gagare shi. Ana cikin haka sai maƙwabciyarmu, wata ma'aikaciyar jinya 'yar kudancin Kaduna da muke kira Anti, ta zo da albishir: makarantar da 'ya'yanta ke zuwa a Ikeja tana neman mai gadin ƙofa. Ga kujera, ga inuwa. Sharaɗi ɗaya ne, shugabar makarantar da kanta za ta yi masa tambayoyi da Turanci ran Litinin ta sama.

Na yi tsalle na ce ni zan koyar da shi. Daɗi kamar ya kashe ni. Har gyale na sake don in yi kama da malama.

Baffa yana da burokarsa ta kasuwa, ba za a sayar da shi ba. Matsalar ita ce duk abin da ido ke yi, shi kalma ɗaya ya sani: look. Ni kuwa na ƙudurta cewa mai gadi dole ya rarrabe see da look da watch, tunda idonsa ne jarinsa. Ranar farko na buɗe littafi na yi ta zuba bayani, na ɗago na tarar yana gyangyaɗi. Washegari na jefar da littafin, na ja benci ƙofar gida muka fuskanci titi, inda danfo, ƙananan bas ɗin haya, ke ta wucewa.

"Baffa, me ya wuce yanzu?"

"Danfo."

"Kai ka nemi ganinta?"

"Ina fa, ita ta faɗo mini a ido."

"To wannan shi ne see. Yanzu juya ka duba mai gasa masarar can."

Ya juya. Na ce ka yi look ke nan. Da muka zo kan ta ukun, watch, sai na kakare, misali ya ƙi zuwa. Baffa ya sosa gemu ya ce, "Ko irin in dillali ya bar ni da kwanduna ya tafi salla, in kafa musu ido kada wani ya zare ɗaya?"

Ihun da na yi sai da Inna ta fito da ludayi a hannu, ta ɗauka okada ya buge wani. Shi ne fa! Bayanin da littafi ya kasa, Baffa ya ɗauko shi daga kasuwa.

Satin nan gidanmu ya koma aji. Baffa ba ya wuce komai sai ya laƙaba masa kalma. In an ɗora tukunyar shayi ya ce watch, in ƙadangare ya gifta ya ce see, sannan ya waiwayo yana jiran in yaba. In ya yi kuskure na kama shi, sai ya ce, "Malama, a yi haƙuri, kan ya sha kwando." Ni kuwa tafiyata ma ta sake.

Ran Asabar muka yi gwaji. Anti ta sa tabarau ta hakimce a kujera a matsayin shugabar makaranta. Baffa ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya durƙusa, ya sunkuyar da kai, ya amsa tambayoyinta tas, ko tuntuɓe babu. Muka kaure da tafi, Inna tana cewa kai, ga ilimi ga ladabi. Anti kaɗai ba ta tafa ba.

"Turanci ya yi," in ji ta. "Amma a can, in ba ka duba mutum a ido ba, za su ce kana ɓoye wani abu."

 Sati guda ina koyar da kalmomin ido, ban taɓa lura da inda idon yake ba, don ni ma haka aka tarbiyyantar da ni. Muka lallaɓa shi ya daina durƙuson, ya bar takalminsa a ƙafa. Amma ɗaga ido ya gagara. Na ce ya kalli goshinta kawai. Ya gwada, kafin ƙiftawa biyu kai ya koma ƙasa.

"'Yata, matar mutane ce, kuma babba. In tsura mata ido kamar wanda ba a haifa a gida ba?"

Haushi ya ishe ni har na yi ƙwalla. Gani nake duk wahalata ta tashi a banza.

Ran Litinin muka hau danfo zuwa Ikeja. Aka bar ni na tsaya daga bakin ƙofar ofis, da sharaɗin kada in sa baki. Shugabar Bayarabiya ce, dattijuwa, mai murya kamar ta alƙali. Tambaya biyu ta yi ya amsa, sai ta ce, "Look at me." Baffa ya ɗago, ya mayar. Ta ajiye biro, ta ce mutumin da ba ya iya ɗaga kai, ta yaya za ta bar masa amanar yara? 

Sai na ji muryar Baffa, a hankali, idonsa na kan siminti.

"Madam, I no look you, na respect. But I see."

Ya shiga lissafo mata da burokarsa, yana haɗawa da hannu. Ƙaramar ƙofar gefe an rataya mata kwaɗo amma ba a danna shi ba. Wani mai tallan ruwa ya shigo ba wanda ya tambaye shi. Bayan tankin ruwa kuma akwai yarinya zaune tana kuka tun shigowarmu. Tare muka ratso filin nan da shi, ni da ke ta raba ido ko ɗaya ban gani ba.

Shugabar ta aika a duba. Duka uku haka suke. Ta tambaye shi yadda aka yi, ya kwatanta mata: mai kwando a ka ba ya juya wuya. Idonsa na ƙasa saboda santsin ruɓaɓɓen tumatir, amma da gefen ido yake ganin mai baro, da mota, da hannun ɓarawo. Sai ta ce zai iya kula mata da yaran?

"I will watch them, Madam."

Daidai! Tsaf, kamar daga littafi! Na toshe bakina da gyale don kada ihu ya ƙwace. Ta juya ta gaya wa sakatariyarta da Yarabanci, ba ta san ina ji ba, cewa a ba shi kayan aiki ya fara gobe.

A danfo ina ta zuba, ina maimaita masa kowace kalma da ya faɗa, har kwandasta ya ce in rage murya. Baffa dai murmushi yake yi. Can ya sa hannu a aljihun babbar rigarsa ya zaro wani tsumma a naɗe, duk ya rine da ruwan tumatir. Gammonsa ne. Ashe da shi ya shiga ofishin, don in an ce a'a ya zarce kasuwa kafin tirelolin rana su gama saukewa.

Ya ɗora mini shi a cinya.

"Malama, ki kai wa Innarki ta riƙa goge murhu da shi."