Zumar Lahadi daga Limburg

Muna idar da sallar asuba ni da maigida muka ja akwati daga unguwar Woolwich ta Landan zuwa filin jirgi. Yaranmu biyu mun bar su a flat ɗin maƙwabciyarmu, wata dattijuwa 'yar Kumasi da muke kira Hajiya. Kwana biyu za ta riƙe su, kuma ta hana a yi mata maganar lada. Da Hausarta ta zango ta ce mini, "Ka kawo mini abin garin kawai, ban so kayan airport."

Daga Frankfurt ta Jamus jirgin ƙasa ya kai mu Limburg, ɗan ƙaramin gari a bakin kogi. Gidajen katako ne, sun tsufa har wasu sun jingina da juna kamar tsofaffi a layin asibiti. Lungunan duk duwatsu aka shimfiɗa, takalmina mai tsini ya sa na gane kurena. Muka hau tudu muka ga majami'a mai hasumiya bakwai, muka zauna muna kallon ruwa. Rabon da in ji shiru irin wannan har na manta. Nama muka ƙaurace masa saboda alade, muka ci kifi da dankali, ga burodi mai daɗi da arha.

Ranar Asabar na ga wani mayafin tebur mai aikin hannu. Maigida ya ce, "Ki saya wa Hajiya yanzu." Na ce sai gobe, ba zan yi yawo da leda ba. Na saba da Landan, inda Lahadi ma ranar cefane ce.

Ashe a Jamus ba haka ba ne. Da safe muka fito, kowane kanti a rufe, sai ƙarar ƙararrawa. Ga jirginmu da yamma. Da wane ido zan kalli matar da ta riƙe mini 'ya'ya? Murmushin maigida ya fi faɗa ciwo.

Tsohuwar da muka sauka a gidanta ta ga fuskata ta tambaya. Da ɗan Turancinta da nunin hannu na yi mata bayani. Ta shiga ciki ta fito da kwalbar zuma ta ƙudan zuman da mijinta yake kiwo a bayan gida. Na naɗe ta cikin zani na cusa a babban akwati.

Da muka iso, Hajiya ta lakata da yatsa ta ɗanɗana. Sannan ta ce, "Tun da na bar gida ban sha zuma na gaskiya ba sai yau."

Na koyi sayen tsaraba da wuri. Amma wadda ta fi shiga ran Hajiya, ranar da kasuwa ta rufe na same ta.