Ranar da Muka Je Kuje Ɗauko Yaya Sabo

Mun tashi da asuba daga Funtuwa, ana sallame salla muka hau hanya, ni da babbar yayarmu da direban da muka ɗauka shata. Saƙon Inna ɗaya ne: mu je Kuje mu ɗauko Yaya Sabo, ko yana so ko ba ya so. Wata bakwai ke nan da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi ya kashe masa hannun dama, kuma a ganin Inna, mai zanen da ya rasa hannu ba abin da ya rage masa a Abuja sai wahala. Har katifa muka shimfiɗa masa a bayan mota.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Yaya Sabo wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. A garejin garinmu ya fara, yana zana zaki da ɗawisu a jikin gingimari. Da ya koma Abuja sai ya shiga rubuta allunan masu aski da masu abinci. Wata shugabar makaranta da ya yi wa zane a bangon aji ita ta fara ba shi ɗan littafin koyon karatu ya sa masa hotuna. Daga nan aka san shi. Ya daɗe yana yi wa labaran wasu zane, kafin ya fara rubuta nasa, har aka shekara ashirin da wani abu. Mu a gida wasan yara muke ce wa aikin. Ni kaina ban taɓa karanta ko ɗaya har ƙarshe ba.

A Zariya muka karya da ƙosai da kunun tsamiya. Ƙosan naira ɗari biyar bai cika tafin hannu ba, yayata ta ɗaga ɗaya tana leƙen rana ta cikinsa. Hanyar Kaduna kuwa, wani wuri sumul, wani wuri a karkatar da ku ku bi hannu ɗaya da tireloli kuna salati. A Tafa muka tsaya sayen doya. Yayata ta yi rabin awa tana ciniki, ta samu ragin da bai kai kuɗin ruwan da ta sha bayan cinikin ba. Muka wuce Dutsen Zuma, muka kutsa cunkoson Zuba, muka bi ta Gwagwalada inda Yaya Sabo ya yi jinya, sai ga mu a Kuje bayan azahar.

Gidan yana bakin gari, gonakin rogo da masara kewaye da shi. Muka tarar da ƙofa a kulle. Wata maƙwabciya Bagwariya da ke shanya dawa ta ce, "Oga ba ta nan, ta tafi makaranta." Yayata ta ce ai ba matar gidan muke nema ba, mai gidan. Matar ta ce, "To ita ɗin nake faɗa." Sai da muka yi dariya kafin maganar ta zauna mana: mutumin da muka zo ɗauka a kwance ya fita.

Makarantar firamare ce, ba nisa. Tun daga ƙofa muke jin ihun yara. A ƙarƙashin mangwaro muka gan shi zaune a kujera, ya rame, sanda jingine a gefe, hannun dama kwance a cinya. Matarsa ta riƙe masa allo. Alli kuwa yana hannun hagu. Yana tambayar yaran me akuyar labarin za ta yi in ta shiga jirgin ƙasa, su faɗa, shi ya zana. Wata yarinya ta ce ta cinye tikitinta. Kafin a gama dariya ga akuya a kan allo, takarda a baki, ido a zare kamar marar gaskiya. Yaran sun san akuyar nan sarai, wasu ma da tsofaffin littattafansa a hannu, bangon duk ya yage saboda karatu.

Na juya in yi wa yayata magana, na ga tana share hawaye da gefen mayafi. A nan ta gaya mini abin da ban sani ba. Ashe bahago aka haife shi. Baba, Allah ya jiƙansa, shi ya sa ta riƙa ɗaure masa hannun hagu da ɗankwali in za a ci abinci ko rubutu, har ya saba da dama. Tana da shekara goma a lokacin.

Da muka koma gida ya fito mana da kwali cike da takardun da ya yi ta gwada zane da hagu. Na farko-farkon sai ka ce kaza ta yi tono. Wata uku yana zana da'ira kawai, matarsa na fere masa fensir, wani lokaci ya yi jifa da shi, ta tsinto. A ƙasan kwalin sabon littafi ne, saura shafi biyu. Bayan mun ci tuwon masara da miyar kuɓewa yayata ta isar da saƙon Inna, murya ƙasa-ƙasa, ta haɗa da neman gafarar abin da ya wuce.

"Haba Yaya, ai hutu kika ba shi," in ji shi, yana juya hannun. "Shekara hamsin yana hutawa, yanzu ya karɓi aiki. Ki gaya wa Inna ranar salla zan zo da ƙafata, amma ba yau ba."

Ba ta sake tayar da maganar ba.

Kashegari ya ce mu raka shi kasuwar kifi ta Kado, wai a ɗaya daga cikin shafukan da suka rage akwai tarwaɗa, kuma bai yarda da gashin bakin da ya yi mata ba. Kasuwar ƙarni da hayaƙin gashi, kowa na jan rigarka. Ya zauna a bakin wani baho yana zane. Mai kifin, wani Bayawuri, ya gaji da jira ya ce Alhaji saye za a yi ko kallo? Da ya leƙa takardar sai ya kira maƙwabtansa. Kifin da muka saya ya yi tsada, amma an ba mu gyara har biyu.

Mun iso Funtuwa da la'asar a rana ta uku. Inna na ganin mu biyu ta ɗaure fuska. Yayata ta zauna ta ba ta labari tun daga farko, ni kuma na miƙa mata littattafan da ya aiko da su. Ta daɗe tana juya shafuka, ita da ba ta yi boko ba. Can ta yafa mayafi, ta rungume su ta nufi maƙwabta, muna jiyo ta tun daga zaure tana cewa, "Ku fito ku ga aikin Sabo."

Abin da tafiyar nan ta koya mini, ɗan'uwanka ma sai ka je inda yake aikinsa kafin ka san shi. Shekara da shekaru in an tambaye ni sana'ar wana, sai in ce yana dai Abuja yana buga-buga. Yanzu kam duk wanda ya tambaya, sai ya nemi wurin zama.