Mai Alli da Ɗigon da Ya Hana Shi Kujera

Kullum da safe, kafin masu shara su gama da baranda, Mai Alli ya riga ya buɗe ofishinsa a sashen lissafi na jami'a. Ɗaki ne ƙarami, fankarsa ta daɗe da mutuwa. Zai rataye hula a ƙusa, ya naɗe hannun riga, ya tsaya gaban allo. A wannan tsayuwar ya yi furfura. Watan nan ya yi ritaya, ko lemo ba a buɗe masa ba.

Aikinsa ba mai shiga kan kowa ba ne. Ga yadda yake kwatanta wa irinmu da ba mu yi nisa a boko ba: ɗakuna biyu ne na lissafi, a kwashe abin da ke ɗaya a zuba a ɗayan. Shin za su tattaru har 'yan kaɗan su wakilci sauran, ko za su watse? Wahalar ita ce ma'aunin yana canzawa daga wuri zuwa wuri, kamar rariyar da hudojinta ba su daidaita ba.

Bayan shekaru ya kafa hujjar cewa suna tattaruwa. Wata mujalla ta karɓi takardar da ya rubuta a kai. Ita kaɗai ta rage masa ya zama Farfesa, kuma zama ɗaya ya rage wa kwamitin ƙarin girma kafin ya ajiye aiki.

Yana cikin koya wa wata ɗalibarsa hujjar, sai alli ya tsaya a hannunsa. Akwai ɗigo ɗaya inda ma'aunin ke taɓa iyaka, komai na iya zurarewa ta nan. Masu tantancewa na mujallar ma ba su lura ba.

Shugaban sashe ya same shi a ofis. "Haba Malam, ɗigo ɗaya? Wa zai gani? Bari kwamiti ya zauna, ka hau kujera, sannan ka gyara a tsanake."

"Ranka ya daɗe, yarinyar nan a kan hujjata take gina digirinta. In ta rushe, kanta za ta faɗo."

A gida maiɗakinsa ta ce, "Malam, maƙwabta har sun fara ce mini matar Farfesa. Me zan ce musu?"

"Ki ce musu har yanzu mijin nan ne, ba ki canza ba."

Ba ta yi dariya ba. Ta juya tana share ido da bakin mayafi.

Ya janye takardar. Kwamiti ya zauna, ya tsallake sunansa. Shi da ɗalibar suka toshe kafar da sharaɗi guda, amma kafin gyaran ya fito an rufe ƙofar ƙarin girma. Sunanta ya sa a gaba a sabuwar takardar.

Kai ne ka ga ɓaraka inda ba mai gani, ka nuna da yatsanka. Kai ne ka bar kujera don kada gini ya danne 'yar mutane. Mun gode, Mai Alli, Allah ya saka maka.

Ku kuma samarin yanzu masu gaggawar laƙabi, ku je ku leƙa ɗakin nan. Fankar tana nan a mace. Hula ba ta ƙusa. Ɗalibarsa ce tsaye gaban allon, kuma abin da ke ƙarƙashin ƙafarta ba ya motsi.