Ƙwaryar Fura da Watannin Mushtari

Mun tashi da asuba daga Kano, ni da wata 'yar ajinmu, tauraron Mushtari na rataye a sama kamar fitilar da aka manta ba a kashe ba. Shi ne ma ya fito da ni. An tura ni gwajin koyarwa a wata makarantar 'yan mata a Kibiya, kuma malamin da ke duba mu zai zauna a bayan aji ya ji yadda zan bayyana samuwar manyan duniyoyi da watanninsu. In na faɗi, sai na maimaita shekara. Ni kaina kuwa ban gane darasin ba.

A bas mata muna baya, maza na gaba, yadda aka koma yi tun zuwan Shari'a. Na buɗe littafi a cinya. Wai ƙura da ƙanƙara da iska ne suka yi ta kewaya rana har suka dunƙule, ragowar ta zama watanni. Ta yaya? Me ya hana su watsewa? Har muka hango duwatsun Rano, gero kore shar a gindinsu, ban wuce wannan layin ba.

Muna jiran motar Kibiya ta cika, na je sayen furar naira ashirin wajen wata dattijuwa. Ta barbaɗa gari a ƙwarya, ta jefa curi, ta shiga juyawa. Curin na birgima yana kwasar gari, ɓarɓashi na bin gefe yana zama 'yan ƙwallaye. Na ƙura ido na kasa motsi.

"'Yan nan, fura kika zo saya ko ƙwarya?"

"Ƙwarya, Inna."

Ta ce boko ya taɓa ni, amma ta sayar mini, har da gyaran gari.

A aji na juya ƙwarya ina kwatanta samuwar Mushtari da watanninsa, gari ya ɓata mini hijabi. Yara suka yi ta leƙe. Na fara jin daɗi ke nan wata ta ɗaga hannu.

"Malama, in watanninsa da yawa, da wanne suke ɗaukar azumi?"

Na duba littafi, na duba ƙwarya. Na ce ban sani ba. Malamin ya rufe fuska da takarda, kafaɗunsa na girgiza. Da muka fito ya ce na ci, wai darasin da bai shiga ba ba ya haifar da irin wannan tambaya.

Da la'asar muka iso gida. Na koyi cewa hannu kan riga kai ganewa. Ƙwaryar tana wajen Umma, ta ce ta dama kunu ce. Tambayar kuwa tana wajena har yanzu.