Mai Sauraren Ƙanƙara

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Da hantsin Laraba, goma sha tara ga watan Maris, ƙaninka ya kira ni ya ce ka cika, bayan jinyar kwana tara. Shekara goma sha shida kana riƙe da ɗakin sanyi na asibitinmu, inda ake ajiye alluran rigakafin yara, ni kuwa ina jagorantar masu fita da su unguwanni. Muna kiranka Baba Sai-Na-Gani, don ba ka taɓa yarda da komai a baki ba.

Ba ka yarda da firji ba, ba ka yarda da wutar lantarki ba. Ma'aunin zafi biyu kake sakawa a kowane firji, wai ɗaya ya sa wa ɗaya ido. In direba ya ce bai tsaya a hanya ba, sai ka dafa murfin akwatin sanyi da bayan hannu, ka dube shi. Muna yi maka dariya a bayan ido, amma ka san sunan kowane ɗan da muka haifa, kuma ranar da mijina ya yi hatsari kai ka riga kowa zuwa ba da jini.

Abin da ya hana ni sukuni tun da aka binne ka shi ne ni ma na zarge ka, kuma zargina ya kusa raba ka da aikinka.

A shekarata ta farko na lura ba ka cika gorunan ƙanƙara da ruwa har baki. Na kuma lura kowace safiya kana fito da su daga firiza, ka jera a tebur, ka bar su suna gumi. Can sai ka ɗauki kowane ka girgiza a kunne, sannan ka zuba a akwati. Na ce a raina ruwa ba ya tsami banza: mutumin da aka ɗauka don ya tsare sanyi, ga shi yana zubar da shi. Na fara rubuta lokutanka a ɓoye.

Da na tambaye ka, ka amsa ba tare da ɓacin rai ba. "Sista, ruwa in ya daskare kumbura yake, shi ya sa ƙanƙara ke yawo a saman ruwa. In na cika gora, fashewa zai yi. Wadda ta fito daga firiza kuwa sanyinta ya wuce kima, in ta taɓa kwalba sai maganin ya daskare ya mutu. In na ji ruwa na motsi a ciki, ta dawo sifili a ma'aunin zafi, kuma nan za ta tsaya. Duk zafin da ya shigo, narkewa ce ke shanye shi, har ƙwayar ƙarshe."

Na ji, amma na ɗauka daɗin baki ne na tsohon da ya saba da kare kansa.

Sai ga akwati guda ya lalace, alluran yara fiye da ɗari biyu. Iyaye mata sun yi layi a rana, muka sallame su hannu rabbana. Biri ya yi kama da mutum. Na kai wa babban likita takarduna, aka dakatar da kai, aka karɓe makullin ɗakin da ka fi gidanka sani. Ka miƙa shi da hannu biyu.

Bayan mako guda sakamakon gwaji ya fito: daskarewa ce ta kashe maganin. Na duba kwanan watan da aka shirya akwatin. Ranar ka kai matarka awo ka makara, ni na shirya akwatin da kaina, da ƙanƙara kai tsaye daga firiza, ina jin na gyara ɓarnarka.

Na je na faɗa wa likita gaskiya, aka mayar maka da makullinka. Na zo in ba ka haƙuri, ka tare ni da cewa, "Gara mai bincike da mai gyangyaɗi, Sista. Zo ki koyi girgizawa."

Har yau ban sani ba ko tun ranar farko ka san ni ce. Mutumin da ke dafa murfi ya gane ƙaryar direba, da wuya a ce bai duba wanda ya sa hannu a takardar wannan safiya ba. Ina kyautata zaton ka sani, ka zauna mako guda a gida da sunan mai laifi don in gano da kaina. Shekara goma sha biyar ina niyyar tambayarka, kunya ta hana.

Allah ya jiƙanka, Baba, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka makwancinka, ya sa lafiyar yaran da ka tsare ta zama shaida a gare ka. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka, da 'ya'yanka huɗu, da ƙaninka da ya yi jinyarka. Allah ya ba su haƙuri, mu kuma ya kyautata namu ƙarshen.