Dami Nawa Ne a Rumbun Baba

A gidanmu mace ba ta leƙa rumbu. Inna ta shekara talatin a gidan ba ta taɓa ganin cikinsa ba. Baba ne ke hawa, ya ɗaga jinka, ya jefo damin gero, ya sauko. Ni kuwa da na kai ajin ƙarshe a fiziks, wannan rumbun na zaɓa na yi furojet a kansa. So nake na auna zafin cikinsa da bazara, na kwatanta da na siton kwano da ke kasuwar Minjibir.

'Yan ajinmu suka yi ta dariya, wai na kawo ƙauye cikin jami'a. Ban kula su ba. Rabinsu ma kwafo nasu suka yi, kuma sun san na sani.

Baba ne ya ba ni wahala. Sai da na yi sati ina bin sa kafin ya jingina mini tsani da kansa. Ina kan hawa ya ce, "Abin da kika gani a ciki, ni da ke ne."

Na leƙa. Damina da saura, hatsin kuwa ya kusa taɓa ƙasa. Shekarar ruwa ya ɗauke da wuri, amma kullum Baba cewa yake akwai, a ci a ƙoshi. Na rataye ma'aunin zafina, na sauko. Wata uku ina hawa safe da la'asar ina rubutawa.

Aikin ya yi kyau, ba yabon kai ba. Malamin da ke duba ni ya ce na shiga cikin ukun da za a zaɓi gwani daga ciki, a ba shi lambar yabo ranar yaye ɗalibai, a kuma kafe aikinsa a allo kowa ya karanta. Amma ya ce abu ɗaya ya rage. Yawan hatsi yana canja zafin rumbu, don haka dole na rubuta dami nawa ne a ciki, na haɗa da hoto.

Gaskiyarsa ce, fiziks ɗin haka ya ce. Amma Baba ya riga ya gayyaci ƙannensa da surukansa zuwa bikin, mota guda za su cika, kuma a cikinsu akwai masu karatun boko. Ƙarya kuma ba zan rubuta ba, ko na rubuta lissafin zai tona ni.

Ranar kare aiki, malamin da aka gayyato daga wata jami'ar ya tambaye ni yawan damin har sau uku. Na ce na san adadin, amma ba zan faɗa ba. Ya cire tabarau ya tambaya ko na san abin da zan rasa.

Na ce, "Na sani, Malam. Zafin ne nawa, hatsin ba nawa ba ne."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na yi kuka a bayan ɗakin gwaje-gwaje, na wanke fuska na fito.

Ranar bikin aka kira wani, aka yi masa tafi, ni ma na tafa. Baba ya sunkuyo ya tambaye ni ba nawa aka ce ya fi ba? Na ce akwai shafi ɗaya da ban cike ba. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya gyara hularsa ya mayar da ido gaba.

Da kaka ta zo aka kawo sabon gero, yayyena maza uku suna tsaye a tsakar gida, ni ya kira ya miƙa wa tsani.

Yanzu shi da kansa yake ba da labarin shekarar nan yana dariya, shi ya sa na iya rubuta shi. Adadin dai bai taɓa faɗa ba. Ni ma ban faɗa wa masu lambar yabo ba, ku ma ba za ku ji a bakina ba.