Likkafanin da Ya Zo ta Gidan Waya

Sana'ata bandar kifi ce. Da kwali ɗaya na fara a bakin Kasuwar Gombe, har Allah ya sa na kai ina sauke mota. Wanda ya koya min sanin kifi wani dattijo ne Babarbare daga bakin tafki a Borno, ina ce masa Baba. Shi ya nuna min yadda ake karya banda a sansana cikinta, a gane wadda ta sha hayaƙi da wadda ƙwari suka riga ka. A shekarun da yaran nan masu bindiga suka tashi garuruwan Borno, ya iso Gombe da matarsa, ba su da komai sai kayan jikinsu. Na ba su ɗaki a gidana na Pantami. Matar kuwa duk gidan Iya muke ce mata.

Baba yana da ɗa mai ɗinki a Makka. Wata rana a gabana ya kira shi a waya, bai roƙe shi komai ba sai likkafani, a wanke da zamzam, a shanya, a aiko masa. Ɗan ya ce ba shi da amintaccen matafiyi, ta gidan waya zai sako. Ina da akwati a gidan waya saboda takardun banki, sai muka ba shi lambar.

Kafin saƙon ya iso aka fara cewa hanya ta lafa. Baba ya ce zai je ya ga ko gidansa na tsaye. Na hana, ya tafi. Bayan kwanaki wani direba da ke ɗauko min kaya ya zo rumfa ya ce ya ga gawarsa a gefen titi tare da wasu, kuma ba wanda ya isa ya tsaya. A lokacin labarin mutuwa ya zame mana kamar labarin farashi: a faɗa maka, ka yi salati, ka koma kan awo. Muka yi masa sallah ba gawa, Iya ta shiga takaba.

Tana cikin takabar na buɗe akwati na tarar da 'yar takarda mai sunan Baba, wai ya zo ya karɓi ƙunshi. Na bi layi har na kai taga. Ma'aikacin da ke ciki ba yaro ba ne, zai yi sa'ana, yana ɓare gyaɗa yana tara ɓawon a kan kanta.

"Sannu da aiki, Malam."

Bai amsa ba. Ya ja takardar da ɗan yatsa ya duba.

"Kai ne wannan?"

"A'a. Akwatin nawa ne, mai sunan ubangidana ne. Allah ya yi masa rasuwa."

"To, ya zo da kansa."

Wani a bayana ya yi dariya. Na ce, "Rasuwa na ce ya yi."

"Na ji ka, ai ba kurma ba ne ni. Kawo takardar mutuwa."

"A hanya aka kashe shi, Malam. Wa zai rubuta?"

"Kowa ya zo tagar nan sai ya ce an kashe masa wani a Borno. Matsa, Alhaji, ka cika mana wuri da ƙarnin kifi. Na gaba!"

Na matsa. Maganar ƙarnin kifi gaskiya ce, daga rumfa nake. Na tsaya a waje ina jira in ji raina ya ɓaci, bai ɓaci ba. Na tari keke mai ƙafa uku na koma kasuwa.

Zuwa na biyu na je da takardar mai unguwa, da hatiminsa. Ma'aikacin ya riƙe ta da yatsu biyu ya ce, "Mai unguwa a nan yake aiki?" Ya turo min ita, ya ƙara da cewa in wata ya ƙare ba a karɓa ba, ƙunshin zai koma inda ya fito. Ni aikina karanta mutum ne. Wanda ya ce a'a yana jiran na goro, ina gane shi daga yadda yake kallon hannunka. Wannan ba ya kallon hannun kowa. Tashi daga kujerar ne ba ya so, kuma ya gano mu ba mu da wanda za mu kai wa ƙara.

Na dawo gida na tsaya a ƙofar ɗakin Iya, ta bayan labule na faɗa mata. Na ce farin yadi ya cika kasuwa, in tana so in yanko mata mai kyau ta yi masa sadaka da shi.

Ta ce, da Hausarta ta Barebari, "Ɗana, na kasuwa ba shi ya aika a kawo ba. An bar shi a titi babu sutura. Tasa suturar ma a ƙofar gida za a mayar da ita?"

Mai takaba ba ta fita, amma na tambayi limaminmu ya ce in lalura ce, da rana, babu laifi. Sauran dabarar ta kasuwa ce. Ba a zuwa wa mai taurin kai ranar da rumfarsa ba kowa. Na jira ranar da na san layi yakan fito har tsakar gida, sannan na ɗauki Iya.

A ƙofa wata mai gadi ta sa Iya ta ɗaga hijabi, ta bi jikinta da na'ura sama da ƙasa, don lokacin mace mai dogon hijabi abar tsoro ce. Iya ta ɗaga hannuwa kamar wadda ta saba. Da muka isa taga ma'aikacin ya gan ni ya ja tsaki.

"Kai ne kuma? Yau kaka ka kwaso min?"

Iya ta ce, "Ni ce matarsa."

"Ina shaida?"

"Ga ni."

"Baba tsohuwa, matsa gefe. Na gaba!"

Ba ta matsa ba. Ta ɗora hannuwanta biyu a kan kanta, cikin ɓawon gyaɗar, ta tsaya. Ba ta yi kuka ba. Ni ma na tsaya a gefenta na toshe sauran tagar. Layi ya fara guna-guni. Da farko mu ake yi wa, sai wata mata ta lura da shigar Iya ta ce, "Kai jama'a, takaba fa take yi!" Wani tsoho mai sanda ya buga ta a ƙasa ya ce, "Malam, ka ba ta kayan mijinta mu samu mu tafi, ko kai ma gadon za ka ci?" Hayaniya ta yi yawa har wani babba ya leƙo daga ofishin ciki, ya yi wa ma'aikacin nuni da haɓa, ya koma.

Ma'aikacin ya tashi yana jan takalmi, ya dawo ya jefa ƙunshin a kan kanta. Na miƙa hannu ya dafe.

"Doka ce, sai an buɗe. Wa ya san abin da kuke shigo mana da shi."

Ya ɗauki reza ya tsaga ledar da ƙarfi, tun daga wannan baki har wancan. Farin yadi ya bayyana. Ya ɗaga gefensa ya saki.

"A kan wannan kuka hana ni sakat? Dangwala nan, tsohuwa."

Ta dangwala, ta rungume ƙunshin, muka fito.

A gida matata ta taya ta warware shi a tsakar gida. Rezar ta shiga cikin ninkin, don haka da aka baje sai ga tsaga a jere, kowane ninki da tasa. Matata ta fara tsine wa mutumin. Iya ta ce ta bari, ta samo mata allura. Daga jikin yadin ta riƙa zaro zare tana ɗinke tsagar ɗaya bayan ɗaya. Idonta ba ya gani sosai, ɗinkin ya fito a karkace. Ta naɗe, ta sa a ƙarƙashin matashinta.

Ba ta koma Borno ba. A ɗakin nan ta rasu bayan 'yan shekaru, kuma da shi aka suturta ta. Na namiji ne, bai isa mace ba, sai da na aika kasuwa aka yanko ƙari. Da muka sauke makara a maƙabarta na ga layin ɗinkin nata a wajen kafaɗa.

Akwatin har yanzu ina riƙe da shi. Mutumin ya daɗe a tagar bayan wannan. In na je nakan ce sannu da aiki, shi kuma ba ya amsawa.